Ina za ka kai rubutunka don a gan shi?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya, kuna jina? To madalla. An ce in yi magana kan wuraren da mutum zai wallafa maƙala a intanet don ya samu masu karatu, wasu shafuka kuma su sa mahaɗin da ke kai mutane nasa shafin. Wurare huɗu na tanada, amma sai mun fara daidaita wani abu.

Wa yake da shafi nasa na kansa? A ɗaga hannu. A'a Malam, ban ce Facebook ba. Kun ga yadda hannuwa suka sauka? To nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Duk rubutun da ka zuba a dandalin wani, a gidan haya kake zaune, ranar da mai gida ya so ya tashe ka. Google da kansa ya buɗe dandalin sada zumunta mai suna Google+, jama'a suka yi shekaru suna rubutu a kai, a watan Afrilun 2019 aka rufe shi. A da Facebook yana da wani sashe mai suna Notes da ake dogon rubutu, a 2020 aka daina. Mu kuwa Hausawa, ina marubutanmu suke zuba basirarsu? Facebook da zaurukan WhatsApp. Mutum ya kwana yana rubuta yadda ake adana albasa kada ta ruɓe, rubutu mai amfani, kwana biyu hotunan biki sun binne shi. Na WhatsApp ma Google ba ya ganinsa sam. Wallahi abin yana damuna. Manomi a Maraɗi ko a Kumasi ya nemi wannan bayani da Hausa ya rasa, alhali an rubuta shi!

Saboda haka ka buɗe naka. Akwai wuraren buɗe shafi: Blogger kyauta ne, WordPress ma akwai na kyauta, in da hali ka sayi adireshi da sunanka. Can za ka fara sa maƙala. Can za ka fara sa ta, na maimaita, sauran wuraren duk hanya ce zuwa can.

Me ya sa ake damuwa da mahaɗi? Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google, dabararsu ita ce ɗaukar mahaɗi a matsayin shaida: in shafi mai mutunci ya nuno naka, darajarka ta ƙaru a sakamakon bincike. Da mutane suka gano haka sai suka dinga watsa mahaɗi ko'ina, shi ya sa a 2005 aka fito da wata alama, nofollow, wadda ke gaya wa injin bincike cewa mai shafin bai tsaya wa wannan mahaɗin ba. Ku rubuta wannan, zai dawo yanzu.

To na farko, Medium, dandalin wallafa maƙaloli. An buɗe shi a 2012, akwai masu karatu sosai, galibi na Turanci. Mahaɗin da ka sa a can yana ɗauke da waccan alamar, wato zai kawo maka mutane amma kada ka sa ran zai ɗaga ka a Google. Abin da nake so da shi, akwai hanyar jawo maƙala daga shafinka, ya kuma nuna wa Google cewa asalinta naka ne. LinkedIn, ga masu rubutu kan sana'a da aikin ofis. Wikipedia kuwa, don Allah kada ku je tallata kanku, editoci za su goge, mahaɗinsu ma nofollow ne. Ku je ku ƙara ilimi a ta Hausa, wannan aikin alheri ne.

Na nawa muke? Na uku? To ku bar lissafin. Wanda ya fi duka nauyi shi ne wani shafi mai edita ya karɓi rubutunka: jarida mai shafin ra'ayi, ko shafin wani da ya ƙware a fanninka. Ka karanta abin da suke bugawa, ka aika sabon abu da ba ka sa a ko'ina ba, ka roƙi a sa adireshinka a ƙasan sunanka. Za a ƙi karɓa sau da yawa, ka sake aikawa.

Na'am Hajiya, ɗaga murya. Ta ce wani ya yi mata tayin mahaɗi dubu a kan kuɗi kaɗan, ko ta saya? Hajiya, riƙe kuɗinki ki sayi data. A da akwai shafuka irin su EzineArticles da ake jibge maƙala ɗaya a wurare da yawa don tara mahaɗi. A 2011 Google ya kawo wani gyara mai suna Panda, ya karya irin waɗannan shafuka, a 2012 kuma Penguin ya bi masu mahaɗin bogi. Sayen mahaɗi ya saɓa ƙa'idarsu, in kin yi sa'a su yi watsi da su, in ba ki yi ba shafinki ya nutse. Ki yi rajista da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna miki shafukan da suka nuno naki. An kira salla ko? Bayan la'asar ki kawo wayarki mu buɗe shi tare.