Dokar hukunta masu dukan matan aure: abin da ke gaban Majalisar Dokokin Kano

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. A ranar 25 ga watan Mayun 2015, kwanaki huɗu kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Sai dai ƙarfin dokar bai wuce Abuja ba, domin kowace jiha sai majalisarta ta amince da ita kafin ta fara aiki a cikinta. Kaduna ta amince a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa kuma a 2021, amma har shekarar 2024 Kano ba ta bi sahu ba, inda aka daɗe ana tattauna shigar da tanade-tanadenta cikin kundin Penal Code na jihar, wato kundin dokokin hukunta laifuka.

A ƙarƙashin dokar ta tarayya, wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Wanda ya kori abokiyar zamansa daga gida da ƙarfin tsiya zai iya shan ɗaurin shekara 2, wanda kuma ya watsa wa wani ruwan batir, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne ba tare da zaɓin tara ba.

Tarar nan ta naira 200,000 tana buƙatar a tsaya a dube ta da kyau. Lokacin da aka rubuta dokar, ana sayar da dala ɗaya kusan naira 200, wato tarar ta kai dala dubu guda, amma a 2024 da dala ta haura naira 1,400, kuɗin bai kai dala 150 ba. Idan jiha ta kwafi wannan adadi yadda yake, to ta bai wa mai hali damar ya karya hannun matarsa da safe, ya biya tara da rana, ya koma gidan da dare.

Babban cikas ɗin kuwa yana cikin tsohon kundin Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi a 1960. Sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya ladabtar da matarsa, muddin al'adarsu ta yarda da hakan kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuma, bisa fassarar kundin, ya haɗa da karaya, da makanta, da ciwon da zai hana mutum harkokinsa na kwana 20. Ke nan matar da ta kwana goma a kwance da kumburarriyar fuska tana iya zuwa kotu a ce mata ba a kai ga laifi ba. A ganinmu, duk wata sabuwar doka da ta tsananta hukunci amma ta bar wannan sashe a raye, ta yi tufka da warwara.

Akwai kuma tambayar da matan da abin ya shafa suka fi yi, wato idan an ɗaure mijin, wa zai ciyar da yaran? Wannan tsoro, tare da "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne" da iyaye kan faɗa wa 'yarsu idan ta yi yaji, shi ne yake sa a janye ƙara tun a ofishin 'yan sanda. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka. Saboda haka ne muke ganin umarnin kariya da dokar VAPP ta tanada, wanda alƙali zai iya bayarwa don hana mai dukan kusantar matar, ko tilasta masa ya biya kuɗin magani da na abinci tun kafin a kammala shari'a, ya cancanci 'yan majalisar Kano su ba shi muhimmanci daidai da yawan shekarun ɗauri.