Ƙafar Ɗan'uwanmu da Asusun Taimako

Shugaba, a yi mini afuwa, zan tsallake tsarin da sakatare ya rubuta, domin abin da ke cina ba zai jira ƙarshen wannan zama na ƙungiyarmu ta 'yan Kaduna mazauna Birtaniya ba.

Ɗan'uwanmu da ya saba zama a waccan kujerar ta bakin ƙofa yana kwance a Kaduna. Da yawanku kun ji an ce ciwon ƙafa ne, kuka ce Allah ya sawwaƙe, kuka ci gaba da harkokinku. Kwana 10 da suka wuce ina tsaye a kansa a asibiti, da robar iska a hancinsa, mutumin da ke ɗaukar mana tukunyar shinkafa shi kaɗai ranar taro.

Daga filin jirgin Heathrow na Landan ya tashi, awa 6 da ɗoriya zuwa Abuja, a kujerar taga. Bai miƙe ko sau ɗaya ba, wai kada ya tashi na kusa da shi daga barci. Kunya irin tamu. Yana sauka ya wuce Idu, ya hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa, wasu awa 2 da wani abu a zaune. Daga Rigasa kuma mota har Unguwar Rimi cikin cunkoso. A kwana na uku sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta ɗau zafi. Mutanen gida suka yi abin da ni ma da zan yi a da: aka kawo man zafi, aka sa yara biyu tausa, suna ta murzawa da ƙarfinsu. Da asuba ya tashi zai yi alwala, numfashi ya gagara, ƙirji kamar ana soka masa mashi. Ashe jini ne ya daskare a jijiyar cikin ƙafar, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Allah ne ya yi da sauran kwana.

Yanzu yana kan maganin tsinka jini, wanda ake sha aƙalla wata 3, kuma likita bai ba shi izinin hawa jirgi ba tukuna. Iyalinsa suna nan tare da mu, haya tana tafiya, wurin aiki suna kira. Na je wurin ma'aji in ɗebi abin da za mu kai musu, ya buɗe mini littafi, na ji kunya. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bayan ƙaramar Sallah. Zan dawo kan wannan.

Ku dubi abin da ke hannuna. Safa ce mai matse ƙafa, wadda ake sayarwa a kowane kemis a garin nan, ba ta kai fam 20 ba. Jini yana sauka ƙafa cikin sauƙi, amma komawarsa sama zuwa zuciya sai tsokar sharaɓa ta matsa shi, kuma ba ta matsawa sai ana motsi. In ka naɗe gwiwa ka zauna, jinin sai ya kwanta kamar ruwan lambatu, abin da ya kwanta kuwa yana iya daskarewa. Safar nan ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa zuwa ƙasan gwiwa, don ta riƙa tura jinin sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2007 cewa zaman awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin sau biyu, jirgin sama ne, na ƙasa ne ko mota. Ba cewa na yi kowa zai kamu ba, lissafinsu kusan mutum 1 ne cikin 6,000. To amma a bana wannan ɗayan namu ne. An kuma tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan fasinjoji 2,637, aka sami gudan jini a ƙafar mutum 50: 47 ba su sa safa ba, 3 ne kacal suka sa.

Mu da muke cika jaka biyu, kowace kilo 23, da tsarabar dangi, turare, takalma, cakuletin jikoki, a ce safa ƙafa ɗaya ta gagare mu? Haba jama'a!

Iyayenmu mata, da ku nake musamman. Mai juna biyu, mai jego har zuwa mako 6, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ƙiba, mai ciwon daji, wanda ya haura 60, wanda ya taɓa samun gudan jini shi ko wani a gidansu, duk ku ga likita kafin ku yanki tikiti. Masu bi ta Istanbul ko Adis Ababa don rangwame, tafiyarku ta fi tsawo. Masu Umara ma haka. Kuma ba a saye da ka. A auna idon sawu da sharaɓa da tef ɗin tela, a nemi mai lambar ƙarfin matsi tsakanin 15 zuwa 30 a jikin kwali. A sa ta tun da safe, a ja ta sumul, kada a naɗe bakinta, in an naɗe ta zama igiya. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai, ko mai toshewar jijiyar da ke kai jini ƙafa, ko mai gyambo, kada ya sa sai likita ya ce. Kada kuma wani ya ce zai haɗiyi asfirin ya huta, ba madadinta ba ce.

Na san tambayar da ke bakin Alhazai: alwala fa? Ni nakan yi alwalata a filin jirgi sannan in sa. Maganar shafa kuwa, a Malikiyyar da muka taso a kai huffi na fata ake yi wa, ga Malam nan, a tare shi bayan taro.

Ko da safar, ku tashi ku taka a cikin jirgi, ku riƙa murza idon sawu, ku sha ruwa. Tashi maƙwabcinka daga barci, zai yi tsaki ya manta. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura, ko bayan makonni ne da sauka, wallahi kada a tausa. Asibiti kai tsaye. In da haki ko ciwon ƙirji, a nan 999 ne. Ku kira gida ku faɗa musu haka tun kafin ku isa, don su ne za su ɗauko man zafin.

Sauran rahoto a taƙaice: an sabunta hayar zauren nan, ajin Hausa na yara yana nan ranar Asabar, littattafan da muka tura makarantar Tudun Wada sun isa. Shi ke nan.

'Yan'uwa, ni ma ina kewar gida. Da na sauka Rigasa na ji ƙamshin tsire da ƙurar yamma, sai da hawaye suka zubo mini. Mu 'yan Kaduna ne, garin da ya riƙe Arewa gaba ɗaya, wanda bai taɓa barin baƙo ya kwana a waje ba. Yau ɗanmu na kwance, matarsa na zaune a bayan zauren nan tana jina, asusunmu kuma ba ya iya biyan hayarta ta wata guda. Da na zo tafiya ya riƙe hannuna, bai roƙi kuɗi ba, cewa ya yi in gaya muku kada wanda ya sake hawa jirgi yadda ya hau.

Ma'aji ya ja teburinsa bakin ƙofa da littafi a buɗe, mai bashi ya tsaya wurinsa kafin ya fita. Tef ɗin awo biyu na kawo, Hajiya za ta auna mata a ɗakin ciki, ni in auna maza a nan. Masu tafiya Sallah su fara zuwa.