Amsoshin Tambayoyinku: Rubuta Soyayyar Zamanin Da

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan abu guda, wato ƙagaggun labaran soyayya waɗanda ake ɗora su a kan zamanin da ya shuɗe. Wasu daga masu karanta littattafai suka fito, wasu daga marubuta.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Samarun Zariya. Ta ce: "Ina yawan ganin littattafan soyayya na Turanci wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, bangonsu da mata cikin dogayen riguna da maza a kan dawaki. Me ya sa kusan dukkansu labarin Ingila ne, kuma na lokaci ɗaya?"

To, ƙanwata, idonki ya gani daidai. Lokacin da kike magana a kai gajere ne, daga 1811 zuwa 1820. Sarkin Ingila George na Uku ya samu taɓin hankali, sai aka ɗora ɗansa ya riƙe masa mulki. A cikin shekarun nan aka yi yaƙin Waterloo na 1815, inda aka karya Napoleon na Faransa. A lokacin, 'ya mace daga gidan masu hali ba ta da wata hanyar dogaro sai aure, gādon gona da gida kuma galibi ɗa namiji babba ke kwashewa. Saboda haka zaɓen miji magana ce ta ci da sha da mutunci, kuma marubuci bai rasa abin da zai gitta wa masoya.

Wadda ta kafa wannan salon ita ce Georgette Heyer, wadda ta fara fitar da labarin wannan zamani a 1935, fiye da shekara ɗari bayan wucewarsa. Abin da ya sa na ambace ta shi ne yadda take aiki. Tana da kundayen da take tara kalmomin zamanin a ciki, da farashin kaya, da sunayen tufafi da na kekunan doki. Waɗanda suka biyo ta kuma sun tarar da gidajen tarihi a buɗe. A Victoria and Albert da ke Landan mutum zai tsaya gaban rigar da wata ta sa shekara ɗari biyu da suka wuce, ya ga ɗinkinta. A ƙauyen Chawton, gidan da marubuciya Jane Austen ta zauna tun 1809 yana nan, har da ɗan teburin da take rubutu a kai. Sai dai ita Austen labarin zamaninta ta rubuta, abin da idonta ya gani.

Wasiƙa ta biyu daga wata marubuciya ce a Kano, ta ce tana sakin labaranta a WhatsApp, shafi-shafi. Tambayarta: "Ina son in rubuta soyayyar wata budurwa da wani saurayi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Daga ina zan fara?"

Malama, Allah ya ƙara basira, na ji daɗin wannan niyya ƙwarai. Ki fara daga Gidan Makama, ga shi nan daura da fadar Sarki, kuma gidan da kansa ana danganta gininsa da Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma kada ki je yawon buɗe ido. Ki je da tambayoyinki a rubuce. Da me yarinyar nan take ɗebo ruwa? A kan me take kwana? Idan saurayin ya zo zance bayan almuru, wane haske ne a zauren? Ki tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ki dubi kaurinsu, ki tuna ana rufe su da dare, wanda ya makara a waje sai ya kwana a waje. Wannan kaɗai ya isa babi guda. Ki dubi sulke da lifidi ki auna nauyin da mahayi da dokinsa ke ɗauka. Ki tambayi ma'aikatan gidan, domin sun san abubuwa da yawa da ba a rubuta a jikin allo ba, kuma ba kowa ke tambayarsu ba. Daga nan ki taka zuwa marinar Ƙofar Mata ki shaƙi warin baba, ki ji sautin bugu, sannan ki ratsa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma a zamanin Rumfa aka kafa ta.

Yanzu ga inda marubuta ke yawan zamewa, wato tukunya. A zamanin Rumfa babu masara a ƙasar Hausa, babu rogo, babu gyaɗa, babu tumatir, babu barkono, babu taba. Duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma jiragen Turawa ba su isa can ba sai 1492. In kika sa uwar budurwar tana soya ƙuli-ƙuli ko tana jajjagen tattasai, mai karatun da ya sani zai ajiye labarin. Abin da ke akwai shi ne gero da dawa da wake da gurjiya, da kuka da daddawa, da kimba da citta da masoro. Shayi ma ki bar shi, haka atamfa da kwanon sha da ashana. Ɗakin amarya da ƙorai da faya-fayai ake jere shi.

Zan kuma ba ki shawarar da ba ki nema ba. Zamanin Rumfa ya yi nisa, kuma abin da Tarihin Kano ya adana game da shi labarin sarauta ne, ba ya faɗin yadda talaka ke neman aure. In kika matso zuwa ƙarni na 19, za ki samu abin dafawa da yawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta yadda kasuwa take, da yadda turkuɗi da sauran tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, da yadda ake ƙirga wuri. Ga kuma fataucin goro zuwa Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ɗaura wa jakai kanwa da tufafi, madugu na gaba, su nufi Salaga da ke ƙasar Gana ta yau. Tafiya da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Ki duba fa: saurayi ya tafi neman abin sadaki, babu wasiƙa, babu waya, sai abin da ayarin da ya riga shi dawowa ya faɗa, a gida kuma wani mai hali ya aiko da toshi. Ba sai kin ƙirƙiro muguwar kishiya ko boka ba, hanyar da kanta ta isa ta raba masoya. Ko ki ɗauki Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, lokacin da Tukurawa da Yusufawa suka raba gari biyu, har gida ɗaya ya kan rabu.

Don jin muryar mace kuwa, ki nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954. Tsohuwa ce da ta yi ƙuruciya kafin zuwan Turawa, ta faɗi yadda ake wasan dandali, da ƙawance, da aure, da fita daga auren da ba a so.

Wani malamin makaranta daga Damagaram ya tambaya ko sai ya zo Kano kafin ya samu irin wannan. A'a, malam, kana zaune a kansa. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna gabanka, ga unguwar Zango inda fatake da Buzaye ke sauka. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa har aka ƙera masa igwa a gida, ya ishi marubuci littafi uku. Garinku ne babban birnin Nijar har 1926. In ka je Yamai, ka shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959.

Sai wasiƙar wani dattijo daga Sakkwato, kuma da ɓacin rai ya rubuto. Ya ce: "Ashe ba ƙarya ake yi wa matattu ba? A ɗauko sarki ko malamin da ya rasu, a sa masa kalaman soyayya a baki, alhali jikokinsa na raye?"

Baba, Allah ya ƙara girma, ina tare da kai a rabin maganar. Wanda ya taɓa rayuwa yana da haƙƙi, zuriyarsa ma suna da shi. Ra'ayina shi ne marubuci ya bar sarakuna da malamai na gaskiya a inda tarihi ya ajiye su. A ji tambarin sarki daga nesa, a ga wucewarsa ranar hawa, a ji an ce jaji, wato malamar ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, ta iso ƙauye da waƙoƙin Nana Asma'u tana karantar da mata. Masoyan kuwa su zama ƙagaggu, 'yar marini da ɗan maƙeri, waɗanda ba su da jikan da zai ji ciwo.

Inda na rabu da kai, Baba, shi ne in an ce a bar rubutun gaba ɗaya. Kakanninmu sun so juna, sun yi kishi, sun yi kuka a kan auren dole, kuma yaran yau ba za su buɗe kundin jami'a su san haka ba, amma za su karanta labari har asuba. Ƙaryar da ta fi damuna ma wata ce daban. Ita ce a zana zamanin da kamar kowa ɗan sarki ne, kowa cikin alkyabba. Akwai bayi a ƙasar nan, da yawa kuwa. Akwai rinji inda suke noma, akwai ƙwarƙwarori a gidajen manya, akwai bawan da ke biyan murgu yana tara kuɗin fansar kansa. Ba a haramta bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Wanda ya rubuta gidan attajirin 1880 bai nuna wadda ke niƙa da wanda ke ɗebo ruwa ba, ya share mutanen da jikokinsu su ma suna raye. Marubutan Ingila na yau su ma ana yi masu wannan tambaya, a kan sukarin da ke teburin jarumansu da waɗanda suka nome shi a tsibiran Karibiyan. Mai son ya tabbatar da irin waɗannan abubuwa ya je Arewa House a Kaduna, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke garinku.

Ta ƙarshe daga wani matashi ne a Kumasi, ya ce shin dole ne ya yi rubutun da tsohuwar Hausa wadda shi kansa ba ya ji sosai?

Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Ka rubuta Hausar da mai karatu zai gane, ka dai tsince abin da bai dace da lokacin ba. Kada jaruminka ya ce zai dawo ƙarfe huɗu ko nan da minti biyar, ya ce da hantsi, ko bayan la'asar, ko in damina ta sauka. Nisa da zango ake auna shi, kuɗi da wuri. In kalma ta shige maka duhu, ƙamusun Bargery na 1934 yana nan. Kuma tunda a zango kake, ka samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwarku, ka gaishe ta da goro, ka nemi izininta ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye ta yadda aka nemi auren mahaifiyarta da waƙar da aka yi ranar kai ta ɗaki.

Lokaci ya cim mana. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan buga littafi da kuɗin maɗaba'a su yi haƙuri, da su za mu buɗe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.