Lacca: Maido da Fakitoci Bayan An Girka Sabuwar Python

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, abubuwa uku za mu duba yau.

Na farko, sabuwar Python ba ta gadon kayan tsohuwa. Kowace siga tana da foldarta mai suna site-packages, inda ake ajiye fakitoci, wato ƙarin manhajojin da ake girka wa Python, shi ya sa mutum zai girka 3.12 ya nemi fakitoci irin su numpy da pandas ya rasa. Saboda haka, kafin ka taɓa komai, ka yi amfani da pip, manhajar girka fakitoci: ka buga pip freeze > requirements.txt, wanda zai zuba sunan kowane fakiti da lambar sigarsa cikin fayil guda. Bayan girkawa sai pip install -r requirements.txt.

To, a nan nake so ku natsu, har ku na baya. Lambobin sigar nan da ke biye da alamar == a gaban sunan kowane fakiti su ne amfanin fayil ɗin, kuma su ne ke jawo matsala. Python 3.12, wadda ta fito a watan Oktoban 2023, ta cire distutils, wani tsohon kayan gina fakitoci, kuma numpy bai fara tafiya da 3.12 ba sai daga sigarsa ta 1.26. Idan jerinka ya ɗaure numpy a tsohuwar lamba, pip zai rasa wanda aka riga aka gina wa sabuwar Python, ya shiga ƙoƙarin gina shi da kansa, ya tsaya, alhali ka riga ka ƙona data, kuma kun san tsadarta a Kaduna yanzu. Ku buɗe fayil ɗin ku karanta. Ina maimaitawa, ku karanta shi. Ni a ganina ya fi kyau ka buga pip list --not-required, ka ware fakitocin da babu wani da ya dogara da su, ka cire lambobinsu, ka bar pip ya zaɓo sauran.

Sai batun venv, kayan keɓe fakitocin kowane aiki daban, wanda ke cikin Python tun 3.3: kowane aiki da nasa muhallin. 

Na'am, Malama? Tana tambaya: idan an riga an goge tsohuwar Python fa? Malama, ki duba ko tsohuwar site-packages tana nan, domin sau da yawa ba ta gogewa. Idan kin same ta, ki buga pip freeze --path, ki sa adireshin foldar a gaba, jerin zai fito.