Manhajar da za ta sassaƙa maka jita: fara da wuyanta

An rubuta wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar wa matasa masu koyon aikin katako da injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Tambayar da kuka aiko ita ce wace manhaja ta fi kyau ga mai son ƙera kayan kiɗa da inji. Ni ma ina da tawa: wane sashe za ka yanka? Sai ka amsa wannan kafin ka fitar da ko kobo.

Aikin biyu ne. Akwai zana siffar abin a kwamfuta, akwai kuma tsara hanyar da bakin yanka zai bi, zurfin da zai shiga da saurin tafiyarsa. Na biyun ne ke fitar da umarnin da ake kira G-code, kuma kowane inji da irin lafazin da yake ji. Injin da manhajar GRBL ke tuƙawa daban, wanda Mach3 ke tuƙawa daban. Ku duba wannan tun farko, don manhajar da ba ta fitar da abin da injinka ke karantawa ba ta da amfani gare ka, kome tsadarta.

To, gangar jikin jitar lantarki irin Telecaster shimfiɗaɗɗen katako ne. Ka yanke kewaye, ka fafe ramuka, ka huda. VCarve na kamfanin Vectric da ke Ingila ya wadatar, ga sauƙin koyo, kuma sau ɗaya ake saye. Haka tsagin da ake dasa ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita a ciki, lissafi ne kawai. Tsawon tsirkiya a tsarin Fender, kamfanin da ke ƙera Telecaster, milimita 648 ne. Ka raba shi da 17.817, ƙarfen farko zai faɗa a wajen milimita 36.4, sai ka sake raba abin da ya rage, na 12 kuma ya sauka daidai rabi. Bakin da ke wannan tsagi bai wuce milimita 0.6 ba, yana karyewa da ka matsa masa.

Inda ake rabuwa shi ne bayan wuya. Ku ɗauki jita ku shafa. Kusa da kai siriri ne, yana kauri a hankali, sannan ya narke cikin dunduniya, wato inda ya haɗu da gangar jiki, ba tare da kusurwa ba. Hannun makaɗi yana jin tudun da ido bai gani. Wannan lanƙwasa ita ce jarrabawar manhaja. Rhino, na kamfanin McNeel da ke Seattle a Amurka, a nan ya yi suna, shi ya sa masu sassaƙa fuskar goge irin na Turai da jita mai doro suke son sa. Amma zane kaɗai yake yi. Sai ka ƙara wata kamar RhinoCAM ta tsara yankan, kuɗi sun zama biyu ke nan.

Fusion na Autodesk ya haɗa aikin biyu wuri guda, kuma yana da wata baiwa da nake so ƙwarai: in ka gina zanen bisa ma'auni, ka canza tsawon tsirkiya daga 648 zuwa 628 irin na kamfanin jita na Gibson, sauran sassa su bi. Sharaɗin shi ne ka gina shi da tsari tun farko, in ba haka ba zane ya wargaje maka. Koyonsa yana cin lokaci, kada wani ya ruɗe ku. Sannan akwai na kyauta, amma ba na kasuwanci ba ne, an yi shi don wanda abin da yake samu da shi bai kai dala 1,000 a shekara ba. A 2020 kamfanin ya rage masa abubuwa, ciki har da saurin tafiyar inji tsakanin yanka da yanka da canjin baki da kansa. Wanda ya zauna a gidan aro, ranar da mai gida ya ga dama zai rufe ɗaki. Yana kuma neman intanet lokaci-lokaci, ku da kuka san halin data da wuta sai ku sa wannan a lissafi.

FreeCAD kyauta ne ɗungurungum, ba ya neman intanet, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2024. Ya gyaru sosai, amma a lanƙwasar wuya zai gwada haƙurinka.

Shawarata, ku karɓi na gwaji. Rhino yana ba da kwana 90. Kada ku ɓata su wajen zana gangar jiki, kowace manhaja za ta yi ta. Ku zana wuya, ku yanka a kan katako mai arha, ku juya shi ku yanka ɗaya gefen da turakun da ke riƙe shi a wuri guda, ku ga ko gefen biyu sun haɗu. Kamfanin Taylor a Kalifoniya yana aiki da irin waɗannan injuna tun wajen 1990, kuma har yau akwai mutane a masana'antar da ke goge katako da hannu. Bakin inji yana barin layi-layi, sai an bi da sanfefa.

Wani daga baya ya tambaya: Malam, kalangu da gurmi fa?

Gurmi ƙwarya ce da fata da sanda, inji ba shi da abin yi a nan. Kalangu kuwa zagayayye ne mai siririn ƙugu, sai an juya katakon yana yankuwa. Kana buƙatar inji mai sandar juyi, da manhajar da ta san ta. VCarve yana yi, Fusion na kyauta ba ya yi. Kuma ko ka samu, waje kawai zai gyara maka. Fafe cikin, wanda shi ke ba da amo, ka je wajen masassaƙi ka zauna ka koya.