Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin jinin da ke nuna ko jariri zai ɗauki ciwon hanta na B daga uwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Gusau. Ta ce cikinta wata biyar, an ɗebi jininta a wajen awo, aka ce tana da ciwon hanta na B, a takardar kuma an rubuta HBsAg. Tambayarta: shi ke nan abin da ke cikinta ya kamu?

A'a, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Galibin jarirai ba a ciki suke ɗauka ba, sai lokacin haihuwa, idan jinin uwa da ruwan jikinta suka taɓa su. Shi HBsAg ɗan yanki ne na ɓawon ƙwayar cutar. Ya nuna tana jikinki, amma bai faɗi yawanta ba, alhali yawan ne ke raba uwa da uwa.

Don haka ki nemi ƙarin gwaji biyu. Na farko HBeAg, wanda ke fita idan ƙwayar tana hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Uwar da aka same shi a jininta, in ba a yi komai ba, jarirai 70 zuwa 90 cikin 100 suna kamuwa. In babu shi, haɗarin ya ragu sosai, amma bai gushe ba, domin akwai ƙwayar da ke canza kama ta daina fitar da shi, kuma tana nan danƙam. Shi ya sa na biyun ya fi: ƙidayar ƙwayar a jini, wadda likitoci ke kira HBV DNA. Lambar da za ki riƙe ita ce 200,000 a ma'aunin IU, a kowace mililita ta jini. In sakamakonki ya kai nan ko ya haura, riga-kafin jariri shi kaɗai yana iya gazawa, sai an haɗa da magani.

Maganin shi ne tenofobir, miligiram 300 sau ɗaya a rana. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga mako na 28, a 2024 kuma ta ce gara a soma tun ciki yana tsakanin wata huɗu da shida, don ƙwayar ta samu lokacin raguwa kafin naƙuda. Sai an yi gwajin HIV tukuna, domin mai ɗauke da ita in ta sha tenofobir shi kaɗai, HIV ɗin na iya bijire wa magani. Kuma kada ki ajiye shi da kanki bayan kin sauka. Hanta takan yi bore in an daina, sai likita ya riƙa duba gwajin ALT, wato gwajin jini da ke nuna lafiyar hanta, na wasu watanni.

Wani magidanci daga Maraɗi ya rubuto cewa asibitinsu ba a ƙidayar, birni kuma da nisa ga tsada. Malam, HBeAg na iya tsaya muku a madadi, sai dai na gaggawa, wanda ake ɗiga jini a kan ɗan tsinke, yakan kasa gano wasu masu shi. In duka biyun sun gagara, ƙa'idar 2024 ta ba likita dama ya ba duk mai cikin da ke da HBsAg maganin, ba sai an jira ba.

Ta ƙarshe daga Zariya, ta ce a gida take haihuwa, ko za a iya barin allurar riga-kafin jariri sai bayan suna, kuma ko za ta ba da nono?

Nono dai ki ba shi, ciwon ba ya hana shayarwa, haka kuma ba a yi wa mace tiyata saboda wannan ciwo kawai. Amma jiran suna, a nan ake yin asara. Allurar farko cikin awa 24 ake so, a cinya, ba a ɗuwawu ba, inda kitse ke rage mata ƙarfi. Jaririn da ya kamu a haihuwa, 90 cikin 100 cutar takan zauna masa har girma, babba kuwa bai kai 5 ba. In ungozoma ce ta karɓi haihuwar, uba ko gwaggo su ɗauki yaron zuwa asibiti a ranar. Inda ake samun allurar HBIG, wato garkuwa haɗaɗɗiya da ke kare jariri nan take, a haɗa masa a ɗaya cinyar cikin awa 12. Sai sauran alluran riga-kafin a mako 6, 10 da 14, kamar yadda katin riga-kafin Nijeriya ya tsara. Da ya kai wata 9 zuwa 12 a gwada shi: HBsAg ya zama babu, garkuwar anti-HBs kuma ta kai 10. In ba ta kai ba, a sake masa alluran.