Katin isowa ba biza ba ne: abin da za ka sani kafin ka biya otal a Singafo

[Hoto: wurin wanka a rufin Marina Bay Sands, fitilun gari sun fara kamawa]

Wannan ruwan da kuke gani, a hawa na 57 yake. Ba gefen teku ba ne, rufin otal ne, gine-gine uku aka jera aka ɗora musu wani abu kamar jirgin ruwa a ka. Ku kalle shi da kyau, za mu dawo kansa. Amma tsakanin Maitama da wannan ruwa akwai takardu uku, kuma a kan ɗaya daga cikinsu mutane ke ta ruɗewa.

Tun makon jiya ake turo min wani guntun bidiyo a WhatsApp. Wani saurayi ne riƙe da waya yana cewa Singafo ta sauƙaƙa, ba sai ka nemi biza ba, fom kawai za ka cike a waya, minti biyar, kyauta. Har wata yayata ta kira ni da dare, wai ita da maigida sun yanke shawara can za su je hutun ƙarshen shekara, na duba musu otal. Na ce Yaya, a bar maganar otal tukuna, biza fa? Ta ce ai an ce babu.

To, akwai. Mai fasfon Najeriya sai da biza zai shiga Singafo. Fom ɗin da saurayin ya nuna gaskiya ne akwai shi, kuma gaskiya ne kyauta ne, sai dai ba biza ba ne.

[Hoto: taswira, daga Abuja zuwa kudu maso gabashin Asiya]

Bari mu san inda za mu tukuna, a gurguje. Singafo gari ne kuma ƙasa ce, tsibiri a ƙarshen Malesiya ta kudu. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 750 ba, wato Babban Birnin Tarayya namu ya ninka ta kusan sau goma. Mutum wajen miliyan shida ke ciki. Ta rabu da Malesiya ranar 9 ga Agusta 1965, shekara biyar bayan mun samu namu 'yancin, Lee Kuan Yew na firaminista. Ba zan shiga zancen su ina suke mu ina muke ba, kada a ce na ɓata wa mutane hutu. Ana Turanci ko'ina, zafi da gumi duk shekara, ruwan sama ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Janairu. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai. Ku riƙe wannan awa bakwai ɗin, za ta yi amfani.

[Hoto: allon waya, ana cike fom]

Yanzu takardun. Wanda ya yi tashe sunansa SG Arrival Card, mu ce katin isowa. Sanarwa ce kawai kake yi wa hukumar shige da ficen ƙasar, ICA: ga sunana, ga lambar fasfona, ga jirgin da zan shigo, ga inda zan sauka, ga halin lafiyata. Kowane baƙo yana cikewa, Bature da Balarabe da Bahaushe, mai buƙatar biza da wanda ba ya buƙata. Shi ya sa za ka ga wani ɗan Ingila ya yi bidiyo yana cewa shi wannan kaɗai ya cike ya wuce. Bai yi ƙarya ba. Fasfonsa daban, naka daban. Kamar mutum ne ya je biki ya rubuta sunansa a littafin baƙi a bakin ƙofa: rubuta suna bai zama katin gayyata ba.

Kuma katin isowa yana da lokacinsa. Cikin kwana uku kafin ka sauka ake cike shi, har da ranar saukar a lissafi. In Juma'a za ka sauka, daga Laraba ƙofa ta buɗe. Ranar can ake lissafawa, ba ranar da ka tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba. Ƙarfe biyar na yamma a Abuja, can sha biyun dare ne, gari ya riga ya shiga gobe. Don haka mai tashi Alhamis yawanci Juma'a zai rubuta a matsayin ranar isowa.

Abu ɗaya kuma. A shafin ICA ko manhajarsu ta MyICA ake cikewa, ba a biyan ko kwabo. Duk shafin da ya nemi lambar katin bankinka don wannan fom, rufe shi. Suna nan da yawa, sun yi kwalliya da tuta da tambari, in ka yi bincike a Google wani lokaci su ne ma a sama.

[Hoto: fasfo kore a kan tebur, hannu na juya shafuka]

Sai biza, kuma a nan zan ɗan ja, don nan ne hotuna suka ƙare min, sai baki.

Mun saba da salon ka shiga intanet ka cike da kanka. Ta Singafo ba haka take ba. Ba kai za ka shiga shafin ICA ka tura wa kanka ba. Wani ne zai tura a madadinka. Ko dai wanda yake can, ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin, wanda ya kai shekara 21 kuma yake da asusun gwamnati da suke kira Singpass, ko ofishin jakadancin Singafo mafi kusa, ko kuma ejan biza da hukumomin Singafo suka amince da shi. Kalmar "amince" ita ce magana. Ba duk mai shago a Wuse 2 da ya manna hoton jirgi a gilashi ba ne. Ka tambaye shi kai tsaye: Malam, ta hannun wa za ka shigar da takardun nan? In ya fara kame-kame, ka ɗauki fasfonka ka yi gaba.

Abin da za a nema ba shi da yawa. Fom mai lamba 14A, ka cike ka sa hannu. Hoto sabo, wanda bai wuce wata uku ba, bayansa fari. Kwafin shafin fasfo, kuma fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ka shiga. Sai takardar gabatarwa, fom V39A, wadda wani da ke can zai cike ya ce ya san da zuwanka. Wannan V39A ita ce ke tsayar da mutanenmu, domin yawancinmu ba mu da ɗan uwa a can kamar yadda muke da su a Jidda ko Dubai. In ba ka da kowa, tun ranar farko ka faɗa wa ejan, ya gaya maka yadda za a yi da wannan ɓangaren. Kada ka bari sai an karɓi kuɗinka sannan maganar ta taso.

Kuɗin hukuma dalar Singafo 30 ne, kuma ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana. Abin da ya hau kan haka ladan eja ne. Ladan ba laifi ba ne, aiki ya yi, amma ka san wanne ne wanne, kada a haɗa maka su a dunƙule a ce duka na gwamnati ne.

Ga inda lissafi ke cakuɗewa. Ana shigar da neman bizar ne cikin kwana 30 kafin tafiya. Ba za ka nema tun watan Yuni don tafiyar Disamba ba. Shi kuwa otal mai tsada da kujerar gaba a jirgi, tun da wuri ake kamawa kafin farashi ya tashi. Ka ga an saka ka a tsakiya: kuɗi na son fita da wuri, biza ba ta fitowa sai a kurarren lokaci. Ni a ganina mafita ɗaya ce. Kama ɗakin da za a iya sokewa a dawo maka da kuɗinka, ko da ya ɗan fi tsada, haka ma tikiti, wanda ake iya canza wa rana. Wancan farashin mai rahusa da aka rubuta ba a mayar da kuɗi, bar shi ga masu fasfon da ba a tambaya. Araha ba ta ado, musamman in dare ɗaya a ɗakin ya kai albashin wani na wata da watanni.

Kuma ko bizar ta fito, izinin zuwa bakin ƙofa ne. Jami'in ICA a filin jirgi shi ke yanke ko ka shiga da kwana nawa za ka yi. Ba sa buga hatimi a fasfo yanzu, saƙo ake turowa ta imel ɗin da ka rubuta a katin isowa, a ciki za ka ga ranar da dole ka fita. Saboda haka imel ɗinka za ka sa, wanda kake buɗewa, ba na yaron da ya taya ka cikewa ba. Kwanakin da ke cikin wannan saƙo su ne naka, ba wa'adin da ke jikin biza ba. Wuce wa'adi laifi ne a can, wanda ya zarce kwana 90 kuwa hukuncinsa ya haɗa da ɗauri da bulala. Bulala ta gaske, ba ta makarantar allo ba.

[Hoto: katin rigakafi mai ruwan ɗorawa]

Ta uku ita ce wadda ake mantawa a aljihun tsohuwar jaka: katin rigakafin cutar shawara, yalo kad. Najeriya na cikin ƙasashen da Singafo ke neman wannan shaida daga matafiyansu. Sai allurar ta kwana goma katin ke fara aiki. In aka yi maka ranar 1 ga wata, sai 11 ga wata. Wanda ya je babu shi, ana iya killace shi har kwana shida ko a juya shi. Ka yi tunanin ka biya ɗaki mai kallon teku ka ƙare a killace. Labari mai daɗi shi ne allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. In ka taɓa yi, nemo katin ka duba sunan ya yi daidai da na fasfo. In ba ka yi ba, ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, Port Health, su ke bayarwa. Da wannan za ka fara, kafin biza, kafin komai.

[Hotuna da sauri: Changi, ruwa na zubowa daga rufin gilashi, itatuwan ƙarfe, titin Orchard]

Sauran kuma daɗi ne, bari hotuna su yi magana. Babu jirgi kai tsaye daga Abuja, sai ka yada zango a Doha ko Adis Ababa ko Istanbul. Wannan ruwan mai zubowa a cikin ginin Jewel yake, a filin jirgin Changi, tsayinsa mita 40, an buɗe shi a 2019. Waɗannan dogayen itatuwan na Gardens by the Bay ne, da dare ake kunna su. Wannan farin ginin otal ɗin Raffles ne, tun 1887 yake karɓar baƙi. Masu yara, tsibirin Sentosa. Hajiya, titin Orchard naki ne, ki tafi da fasfo shago, sayayyar da ta kai dalar Singafo 100 ana iya karɓo harajinta a filin jirgi ranar dawowa.

In ka ga farashi da alamar tarawa biyu (++) a gabansa, ba ado ba ne. Kashi 10 na hidima ne, sannan kashi 9 na haraji a kai. Ɗakin dala 1,000 ya kusa 1,200 ke nan. Ka lissafa da wannan kafin ka je Zone 4 canji. Ka kuma duba ranar tseren motocin Formula 1 da suke yi da dare tun 2008, wajen Satumba ko Oktoba, don a makon otal-otal sai su haukace.

[Hoto: ƙubbar zinariya ta Masallacin Sultan]

Abinci ba matsala. Musulmi na da yawa, akwai hukumar addini, MUIS, mai ba da shaidar halal, tambarin kawai za ka nema a ƙofa. Wannan Masallacin Sultan ne a unguwar Kampong Glam, kewaye da gidajen abincin Malawa da Larabawa da Turkawa. Ni dai shawarata, ko a wane otal ka sauka, ka ware dare ɗaya ka ci a rumfunan abinci na talakawa, waɗanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2020. Na fi yarda da su a kan wani farantin da za a kawo maka loma biyu da ganye a kai.

Jaka kuma a tace ta. Sigarin lantarki haramun ne, shisha ma haka. Fataucin ƙwaya hukuncinsa na iya kaiwa kisa, don haka saƙon "don Allah riƙe min wannan" a filin jirgi, a'a. Tsabar kuɗi in ta haura dalar Singafo 20,000 sai ka bayyana. Ba a ci ba a sha a jirgin ƙasa. Kilishi kuma, Alhaji, haƙuri za ka yi, ba a shiga da nama daga nan. Cinye abinka a hanyar Lugbe.

[Hoto: wurin wankan rufin, da safe]

Mun dawo ruwanmu. Wannan wurin wankan na waɗanda suka kama ɗaki a otal ɗin ne kaɗai, da katin ɗaki ake shiga. Akwai tikitin hawa sama a kalli gari, amma ba ya kai ka cikin ruwan. Yayata dai ta gano yalo kad ɗinta a cikin jakar Umara. Na maigida har yanzu ana nema.